Ramuka Uku a Wuƙar Baffa

A shekarar da na gama kwaleji na dawo gida Birnin Gwari aka ba ni aikin malamin gandun daji, kuma a shekarar ce na fara halartar zaman buzu. Zan rubuta abin da ya faru gwargwadon yadda na gani da idona. Inda na manta, ko inda wani ne ya gaya mini, zan faɗa, domin maganar ta shafi mutuncin mahaifina, shi kuwa ba ya raye balle ya gyara mini.

Zaman buzu taro ne na masu riƙe da tsofaffin wuƙaƙe da takubba. Sau ɗaya ake yin sa a shekara, a ƙarshen rani, a ƙofar maƙerar Sarkin Maƙera. Dattawa biyu sun gaya mini asalinsa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A da, a irin wannan lokaci ne maƙera suke dawowa daga daji bayan sun yi makonni suna haƙar tama suna narka ta, sai su shimfiɗa buzu su jera abin da suka ƙera da sabon ƙarfe, kowa ya gani. Daga baya ƙarfen Turawa ya shigo, sifirin ɗin mota da guntayen ƙarfen layin dogo, waɗanda ba sai an shiga daji ake samun su ba. Sannan gwamnati ta shata gandu ta hana saran ƙirya, maƙera kuwa sun ce tama ba ta narkewa yadda ake so sai da gawayin ƙirya. Aikin ya mutu. Na sha wuce kufan wuraren narka tamar a bakin aikina, wajen Dogon Dawa, tarin kashin tama ne da ciyawa ta rufe. Abin da ya rage shi ne zaman kansa. Kowa ya zo da ƙarfen da ya gada, ya zare, a gani, a shafa masa man kaɗanya, a mai da shi kube sai wata shekara.

Ba kowane ƙarfe ne yake hawa buzun ba, sai na tama. Mai tantancewa shi ne Sarkin Maƙera, tsoho wanda idonsa ya riga ya tafi, da babban yatsansa yake karanta ƙarfe. Yana neman alamar maƙerin da ya yi aikin, yana kuma neman abin da suke kira jijiya, wato wasu siraran layuka da suke fitowa a jikin ƙarfen tama idan ya daɗe ya yi baƙi. Ido yana ganin su, yatsan gwani kuma yana jin su. Binciken ya ƙara tsanani ne saboda Turawan haƙar zinariya suna sha'awar irin waɗannan tsofaffin kaya, har an taɓa samun waɗanda suka sayar da nasu, suka sa aka ƙera musu irinsu da sifirin, suka zura a tsohuwar ƙota da tsohon kube. Wanda aka kama da haka ba a zaginsa. Ana dai miƙa masa ƙarfensa ba tare da ya taɓa buzu ba, kuma kafin magariba gari duka ya ji.

Dole in faɗi cewa mafi yawan wannan bayani daga baya na same shi. Tun ina ƙarami aka kai ni makaranta Zariya, zaman kuma a lokacin karatu yake faɗowa, ba a kuma zuwa da yara. Abin da na sani kawai shi ne mahaifina yana da wuƙa, kuma yana kai ta wani wuri sau ɗaya a shekara.

Mahaifina manomi ne, amma gidanmu gidan maƙera ne. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ne ya jagoranci fita daji ta ƙarshe da aka yi a garinmu, mahaifina kuma shi yake yi masa zuga. Daga ƙarfen wannan fita ne Baffa ya ƙera wuƙar ya ba ƙanensa. Bayan 'yan kwanaki ya koma daji ɗebo sauran tamar da suka bari, ramin ya rufta da shi. Mahaifina bai sake taɓa zuga-zugi ba. Ina da kamar shekara uku a lokacin, kuma fuskar da nake zaton ta Baffa ce mai yiwuwa ta wani ce daban. Wuƙar tana rataye a saman ƙofar ɗakin mahaifina, daga ciki, a kuben jar fata da ya riga ya koma baƙi. Ban taɓa ganin ta a zare ba.

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifina ba ya kiran sunana. Tun da na shiga makaranta yake ce mini Malam. Wata ranar Asabar, bayan la'asar, muna zaune a zaure, ya ce, "Malam, ranar Alhamis za ka raka ni wurin Sarkin Maƙera." Inna, mahaifiyata, ita ce ta bayyana mini ma'anar maganar. Idan mai ƙarfe ya ji girma ya kama shi, yakan zo da ɗansa ya damƙa masa a kan buzu, Sarkin Maƙera ya lissafo hannayen da ƙarfen ya ratsa, ya ƙara da na ɗan. Ta ce shekara biyu ke nan yana jiran in gama karatu.

Na yi murna ƙwarai, kuma na yi niyyar in rubuta duk abin da zan gani, domin na lura dattawan suna ta ƙarewa. A kwaleji an koya mana mu auna abu kafin mu yi magana a kansa. Ranar Talata, da mahaifina ya tafi sharar gona, na shiga ɗakinsa na sauko da wuƙar, na zare ta, na auna da rula. Littafin yana gabana yanzu, ga abin da na rubuta ba ƙari ba ragi: "Tsawon ruwa inci goma sha ɗaya da rabi. Faɗi inci biyu. Ƙota ta ƙirya, an ɗaure ta da jan ƙarfe. Ruwan duk ya yi baƙi. Kusa da ƙota, ta gefen hagu, tsatsa ta ci ramuka uku, a girke kamar duwatsun murhu, kowanne kamar ƙwayar gero."

An koya mana cewa tsatsa idan ta kama ƙarfe ba ta bari sai ta cinye shi. Na ji tsoron kada ramukan su yi zurfi, na kuma ji kunyar a ce mahaifina zai fitar da wuƙa baƙa ƙirin a gaban mutane alhali yana da ɗa mai ilimi. Ban yi abin da na yi don raini ba. Amma idan na ce babu son a yaba mini a ciki, na yi ƙarya.

Na fara da toka da tsumma, baƙin bai motsa ba. Na koma samfefa, takardar nan mai kaushi ta gurza katako, baƙin ya soma tashi, amma ramukan suna nan. Sai na tuna akwai dutsen washi na Turawa, mai juyawa, a sansanin masu gyaran hanya da ke bayan gari. Na naɗe wuƙar a mayafi na tafi. Heluman leburorin ya san ni, shi da kansa ya juya mini dutsen. Yana juyawa yana cewa, "Malam, wannan ƙarfen naka malalaci ne, ba ya tartsatsi kamar addunanmu." Muka yi dariya. Na danna wajen ramukan sosai har suka ɓace, dutsen kuma ya goge mini fatar gaɓar yatsa, jini ya ɗan fito. Da na gama, ina iya ganin fuskata a jikin ruwan. Na mai da ita kube, na rataye ta inda take kafin mahaifina ya dawo.

Ranar Alhamis da hantsi muka tafi, yana gaba ina baya. An shimfiɗa buzun a ƙarƙashin durumin ƙofar maƙera. Na gwanki ne, babba, gashin tsakiyarsa duk ya zube. Sarkin Maƙera yana zaune a gefen gabas, da ƙoƙon man kaɗanya a kusa da gwiwarsa. Mutum goma sha huɗu na ƙirga har da ni. Wanzamin unguwarmu ya ce mini daga baya sha biyar ne, amma ina jin ya haɗa da mai kawo fura.

Wani mahauci, mutum mai yawan barkwanci, shi ya fara gani na. Ya ce, "Ga malamin daji. Ka zo ƙirga mu ne ko ka zo hana mu inuwa?"

Na ce na zo gaisuwa ne, Baba.

"To, ka gaishe mu da kyau, kada ka rubuta ni a cikin itatuwa."

Aka fara da wani Ardo da ya zo daga wajen Gayam da takobin kakansa. Ya zare shi a hankali ya ɗora a tafukan Sarki. Sarki ya bi shi da yatsa daga ƙota har tsini, ya ambaci maƙerin da ya ƙera shi, ya ce a shimfiɗa. Mahauci ya ce, "Ardo, tsakaninka da Allah, takobin nan ya taɓa yanka wani abu ban da iska?"

Ardo ya ce, "Ya taɓa korar mahauci daga bayan garke. Ka tambayi mahaifinka, ya san gudun da ya yi."

Wanzami ya fito da askarsa, 'yar ƙarama, washi ya cinye ta har ta koma kamar ganyen ciyawa. Ya ce ta yi wa sarakuna uku aski. Mahauci ya ce ai bara sarakuna biyu ya ce. Wanzami ya ce ai bara bai gama tunawa ba. Haka aka yi ta yi, ana zarewa, ana gardama a kan wanda ya ƙera wane, ana shafa mai. Wani dattijon Gwari ya kawo barandami, irin gatarin yaƙi, aka daɗe ana yaba nauyinsa. Ban taɓa ganin mahaifina yana dariya a cikin mutane kamar ranar ba.

Da aka zo kansa, ya matsa gaban Sarki, ya yi mini alama da hannu in matso kusa da shi. Ya yi bisimilla ya zare wuƙar.

Hasken rana ya faɗa a kanta ta tsakanin ganyen durumi, ta yi wal. Ina jiran in ji an yaba. Mahauci ya ce, "Wannan kuwa daga daji ta fito ko daga kanti?" Mutum biyu suka fara dariya suka daina.

Mahaifina ya daɗe yana kallon ruwan. Ya juya ta gefen hagu, ya sa babban yatsansa kusa da ƙota, ya shafa sau ɗaya. Bai waiwayo ya dube ni ba. Ya miƙa wa Sarki da hannu biyu.

Sarki ya taɓa ƙotar ya ce, "Ƙanena, wannan ƙota na san ta, ni na sassaƙa ta. Kuben ma na sani." Yatsansa ya gangara kan ruwan, ya tsaya, ya koma baya, ya sake gangarawa. Ya ce, "Ina murhun yayanka?"

A nan ne na gane. Ramukan nan uku da na ɗauka cin tsatsa ne, su ne alamar Baffa. Kowane maƙeri yana da tasa, shi kuma ɗigo uku yake bugawa kamar duwatsun murhu. Baƙin da na kankare kuwa a cikinsa jijiyar take.

Sarki ya ce, "Babu murhu, babu jijiya. Sumul take kamar bayan cokali." Ya ɗora ta a tafin hannunsa yana jinjina nauyinta, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga fuskarsa wajen jama'a ya ce, "Ko akwai mai magana?" Ina jin sau biyu ya faɗa. Ardo ya ce mini sau uku ne.

Littafin yana cikin aljihuna, ina jin gefensa a haƙarƙarina. Da na fito da shi na karanta layi ɗaya, da an gama. Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe mini harshe, kuma ba na son in ba da amsar da ta fi gaskiya kyau. Na ji tsoron dariyar mahauci. Na ji tsoron a ce ga abin da karatun boko ya koya masa. Na kuma ce a raina zan yi magana idan an sake tambaya, sai ba a sake ba.

Mahauci ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe kai ma Baturen zinariya ya leƙo ɗakinka."

Ardo ya ce, "Kama bakinka, ba fawa ake yi a nan ba."

Mahaifina ya ce, "Sarki, yatsanka bai taɓa zaluntar kowa ba. Abin da ya ji shi ne. A ba ni abata."

Sarki ya miƙo masa. Ya mai da ita kube ya ajiye a cinyarsa. Bai tashi ba. Ya zauna har aka gama da mutum na ƙarshe, shi ne ma ya riƙa miƙa ƙoƙon mai ga na kusa da shi. Da aka shafa fatiha ya yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mahauci.

Muka kamo hanyar gida, yana gaba ina baya kamar yadda muka zo. Sai da muka kai ƙofar zaure ya tsaya, yana cire takalmi, ya ce, "Malam, dutsen nan na masu hanya yana cin yatsa. Ka ce wa mutanen gida su sa maka magani kada ya yi ruwa." Ya shiga ya rataye wuƙar inda take. Wannan ita ce maganar da ya taɓa yi mini a kan al'amarin, daga ita babu wata.

Kafin kasuwa ta sake ci labari ya zaga cewa ya sayar wa Bature wuƙar yayansa. Babu wanda ya tare shi da maganar. Sai dai masu tsayawa hira a zaurenmu bayan la'asar suka ragu, shi ma ya rage zama a wurin. Inna ta yi kuka. Ta tambaye ni ko na san yadda aka yi, tun da ina wurin. Na ce mata zan bincika.

Na yi niyyar zuwa wurin Sarki. Har na rubuta abin da zan faɗa, na ga ban bayyana dalilina daidai ba, na sake rubutawa. Ina cikin rubutu na uku aka tura ni rangadi wajen Damari, auna iyakar gandu. Na ce idan na dawo. Damina ta sauka da ƙarfi, aikin da aka ce na mako uku ne ya kai bakwai. A mako na bakwai ɗan aike ya same ni ya ce mahaifina yana kwance da ciwon ƙirji. Na taso a take, amma kogi ya kawo, na yi kwana biyu a bakinsa ina jiran ya janye. Na iso gida washegarin ranar da aka binne shi.

Bayan an watse daga zaman makoki Inna ta kira ni ɗakinta. Ta fito da wuƙar daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa mini. Ta ce, "Ya ce a ba Malam, a kuma gaya masa mai kawai take so, ba ta son dutse. Ni ban gane maganar ba. Kai ka gane?"

Na gaya mata duk abin da ya faru. Tana tsintar tsakuwa a cikin dawa a faifai, ba ta daina ba har na gama. Sai ta ce, "Ka ce za ka bincika." Ta ci gaba da tsinta.

Bayan sadakar arba'in na tafi maƙera. Na fara magana ke nan Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, abin da aka ƙulla a kan buzu, a kan buzu ake kwance shi. Ka jira rani." Na jira. Watannin nan ban san yadda zan kwatanta su ba, saboda haka na bar su.

Da ranar ta zo na tafi ni kaɗai. Mutum goma sha ɗaya ne a wurin. Wanzami ya rasu a wannan tsakanin, ɗansa kuma bai zo da askar ba. Da aka kai inda mahaifina yake zama, na matsa gaban Sarki na durƙusa, na ce ina da magana wadda ya kamata in yi bara. Na faɗi ranar da na sauko da wuƙar, da toka, da samfefa, da dutsen masu hanya. Na faɗi cewa littafin yana aljihuna lokacin da aka tambaya ko akwai mai magana.

Sarki ya ce, "Karanta mini."

Na karanta. Da na kai "a girke kamar duwatsun murhu" na tsaya, sai na sake daga farkon layin.

"Ta wane gefe ka ce?"

"Ta hagu, ranka ya daɗe."

"Kamar ƙwayar me?"

"Gero."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ita ce. Da wani ɗan ƙaramin ƙarfe yake bugawa, ni nake riƙe masa awartaki." Ya miƙo hannu na ba shi wuƙar, ya sake jinjina ta kamar bara. Ya ce, "Na ji sawun dutse a jikinta tun ranar. Nauyin ma bai yi mini kama da na sifirin ba. Amma ni yatsana ne shaidata, abin da bai ji ba ba ni da ikon in faɗa. Shi ya sa na tsaya ina tambaya. Mahaifinka ba zai yi magana ba, na sani. Mutumin da ba ya iya kiran sunanka ba zai kira laifinka a gaban mutane ba. Kai nake jira."

Mahauci ya ja hularsa ya rufe ido da ita. Can ya ce, "Ni na kai maganar kasuwa. Ni na kai ta. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in mai da ita." Ya cika alkawarinsa, ina wurin, na ji da kunnena.

Na tambayi Sarki ko yanzu wuƙar za ta hau buzu, tun da ga rubutu.

Ya ce, "Buzu ba ya karɓar takarda, ɗana. Idan na karɓi taka yau, gobe wani zai zo da tasa. Murhun ya tafi, ba mai dawo da shi, wanda yake buga shi yana ƙasa. Amma jijiya a cikin ƙarfe take, ba a bayansa ba. Ka shafa mata mai, ka bar ta ta yi baƙi da kanta. Idan tama ce, za ta nuna."

Na ce shekara nawa.

Ya ce, "Kai da son lissafi. Jijiyar takobin Ardo ma ban san shekarunta ba. Wata biyar, wata goma. Ni dai ba zan ji ta ba."

Ardo ya jawo takobinsa gefe, ya bar fili a kan buzun daidai inda wuƙar mahaifina take kwanciya. Ya ce a bar wurin haka. Ya karɓi wuƙar daga hannun Sarki ya ajiye ta a ƙasa, kube a ƙarƙashinta, dab da bakin buzun amma ba ta taɓa shi ba. Ya tura mini ƙoƙon mai. Na shafa mata a nan, sannan aka yi wa mahaifina da Baffa addu'a.

Rani uku ke nan da wannan zaman. Sarkin Maƙera ya rasu a damina ta biyu, ɗansa ya gaje shi. Shi da sifirin ya koyi ƙira, amma yana da ido, kuma mahaifinsa ya nuna masa jijiya a jikin takobin Ardo. A zaman bana mutum bakwai ne. Filin yana nan, wuƙar kuma a ƙasa na ajiye ta. Sabon Sarki ya duba ta a rana ya ce tukuna.

Ban bi al'adar zarewa sau ɗaya a shekara ba. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan sauko da ita in shafa mata mai, in fita da ita tsakar gida in duba. Hasken ya dushe, ta koma ruwan toka, wajen tsini ma ya fara duhu. Makonni uku da suka wuce na ga kamar wani siririn layi, kimanin inci biyu daga ƙota, yana tafiya wajen kaifi. Na kira Inna ta duba, ta ce idonta ba ya kai wa nan. Idan na karkata ruwan hagu ina ganin sa, idan na miƙe shi ya ɓace. Mai yiwuwa jijiya ce, mai yiwuwa kuma sawun dutsen masu hanya ne da mai ya shiga. Ban rubuta shi a littafi ba tukuna.